Takarda Dabam, Hali Dabam

Manoma da makiyaya, masunta da maƙera, iyayenmu mata da ke cikin gida, da samarin da za su jefa ƙuri'arsu ta farko: muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wannan da ƙarfi, a dandali, ko a inuwar kasuwa, ko a zaure bayan sallar lisha, domin wanda bai iya ba shi ma ya ji da kunnensa.

Kakar zaɓe ta zo, kuma surutun da aka saba ya tashi. A rediyo ana yi, a wayar hannu ana yi, a teburin mai shayi ana yi. Wannan ya ce ɗan takarar wancan ba shi da takardar makaranta. Wancan ya ce ai na wannan ba a ƙasar nan aka haife shi ba. Wani ya ce an rage shekaru, wani ya ce an ƙara. Talaka na tsakiya, kansa ya ɗaure, har ya ce duk kanwar ja ce, ya yi zamansa a gida ranar zaɓe. To, wannan zaman gida shi ne abin da ba mu so. Wanda ya hau kujerar Shugaban Ƙasa damina huɗu zai yi a kanta, kuma a cikin daminan nan huɗu da hannunsa a kuɗin takin da za ka saya, da tsaron hanyar gonarka, da maganin asibitin da za ka kai ɗanka.

Tambaya biyu ce aka cakuɗa muku wuri guda. Ta farko: shin doka ta yarda wannan mutum ya tsaya? Ta biyu: shin mutum ne da za a danƙa wa amana? Ta farko aikin hukumar zaɓe ne da alƙalai. Ta biyu kuwa, babu alƙalin da zai yanke maka ita, sai kai da kanka.

Kowane manomi ya san wannan. In ka je kara sayen bijimin huɗa, dole ka nemi shaida a gaban dillali cewa ba na sata ba ne, in ba haka ba wata rana kana tsakiyar gona a zo a kwance shi. Amma shaidar nan ba za ta gaya maka ko zai ja garma ba. Wannan sai ka duba haƙoransa, ka duba ƙafafunsa, ka tambayi wanda ya san garken da ya fito. Wanda ya tsaya kan shaida kaɗai ya sayi rago. Wanda ya ƙi neman shaida ya sayi rigima.

Bari mu fara da abin da doka ta ce, domin a daina ruɗa ku. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 131, ya kafa sharuɗɗa huɗu ga mai neman shugabancin ƙasa. Na ɗaya, ya zama haifaffen ɗan Nijeriya. Na biyu, ya kai shekara 35. Da can 40 ne, a 2018 aka rage. Na uku, ya zama ɗan jam'iyya, kuma jam'iyyar ce ta tsai da shi. Na huɗu, ya yi karatu har matakin sakandare ko makamancinsa. Ba a ce digiri ba. Sashe na 318 ma ya fassara makamancin nan, har ya shigo da takardar malanta mai daraja ta biyu, da kuma wanda ya gama firamare ya yi aiki shekara 10, ya halarci kwasa-kwasai, ya iya karatu da rubutu da Turanci. Sa'an nan sashe na 137 ya lissafa waɗanda aka hana: wanda aka riga aka zaɓa sau biyu, da wanda kotu ta tabbatar ya taɓu, da wanda aka yanke wa hukunci kan zamba ko rashin gaskiya a cikin shekara 10 da suka wuce, da ɗan ƙungiyar asiri, da wanda ya miƙa wa hukumar zaɓe takardar jabu. In wani ya zo muku da sharaɗin da ba ya cikin waɗannan sassa, ku tambaye shi inda ya samo.

Dattawan cikinku za su tuna 1979, shekarar da soja suka mai da mulki ga farar hula. Mutum biyar suka nemi shugabanci: Alhaji Shehu Shagari a NPN, Cif Awolowo a UPN, Dakta Azikiwe a NPP, Alhaji Waziri Ibrahim a GNPP, da Malam Aminu Kano a PRP. A wancan lokaci dokar zaɓe ta ce sai ɗan takara ya nuna ya biya harajinsa na shekara uku. Sai hukumar zaɓe ta lokacin, watau FEDECO, ta ce mutum biyu ba su cika wannan sharaɗi ba: Azikiwe, wanda ya taɓa zama Shugaban Ƙasa daga 1963 zuwa 1966, da Malam Aminu. Abokan hamayya suka samu abin yi, suna ta yawo da maganar. Mutanen biyu ba su ce a fito da gora da adda ba. Kotu suka nufa, kotu ta wanke su, suka tsaya zaɓen ran 11 ga Agusta. Malam Aminu bai ci ba, na huɗu ya zo, da ƙuri'a sama da miliyan 1 da dubu 700. Amma a Jihar Kano ta lokacin, wadda ta haɗa da Jigawa ta yau, kashi 76 cikin 100 shi suka bi.

Me ya sa surutun haraji bai girgiza mutanen Kano ba? Domin sun san mutumin. Sun san ya ajiye aikin koyarwa a 1950 ya shiga gwagwarmayar NEPU, lokacin da shigarta ke kai mutum kurkuku. Sun san ya riƙe ma'aikatar sadarwa, sa'an nan ta lafiya, a gwamnatin Janar Gowon, ya sauka ya koma gidansa na Gwammaja bai tara dukiya ba. Kuma gwamnonin jam'iyyarsa, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suna hawa a 1979 suka soke haraji da jangali daga wuyan talaka. Da ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, ba takardar haraji aka tsaya tambaya ba.

Tun daga nan, kusan kowane zaɓe da tasa takardar. A 2015 da 2019 aka ce marigayi Muhammadu Buhari ba shi da shaidar sakandare. A 2019 kotun zaɓe ta ce ya cancanta, Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓensa. A wannan shekara ta 2019 aka juya aka ce Atiku Abubakar ba haifaffen ɗan Nijeriya ba ne, wai don an haife shi a Jada a 1946, lokacin da yankin ke cikin Kamaru ta Ingila, kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigo da shi Nijeriya. Kotu ba ta karɓi maganar ba, ya sake tsayawa a 2023. A 2023 ɗin kuma aka bi takardun karatun Bola Tinubu har Amurka, Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓensa a watan Oktoba. Kun gani ke nan. Wanda ya yi jifa bana, baɗi shi ake jifa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Amma kada wani ya tashi daga nan ya ce mun ce takarda banza ce. A'a. A 1999 an zaɓi Salisu Buhari Kakakin Majalisar Wakilai, mutum na huɗu a jerin manyan ƙasa. Ba a daɗe ba ta bayyana cewa takardar jami'ar Kanada da ya nuna ta jabu ce, kuma shekarunsa ba su kai yadda ya faɗa ba. Ya amsa laifinsa, ya sauka, kotu ta hukunta shi. Ba ƙarancin karatu ya kā da shi ba, ƙarya ce, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. A nan ne takarda da hali suke haɗuwa: rashin babbar takarda ba abin kunya ba ne, amma wanda ya yi ƙarya ya shiga ofis, da ƙarya zai zauna a ciki. Saboda haka in zargi ya taso, ku tambaya: an kai kotu? Me kotu ta ce? In an yanke, an yanke. In kuwa maganar ba ta wuce wayar hannu ba, ba a san wanda ya faɗa ba, to ƙazafi ne, kada bakinka ya zama jakinsa.

Yanzu sai taka tambayar, wadda ba ta buƙatar lauya. Hali zanen dutse ne, kuma duk mai neman shugabancin ƙasa ya taɓa riƙe wani abu a baya: ko jiha, ko ma'aikata, ko kamfani, ko rundunar soja. To, a bi sawu. Me ya mallaka kafin ya hau, me ya mallaka da ya sauka? Malaman makaranta da 'yan fansho da ke ƙarƙashinsa, sun samu haƙƙinsu kan lokaci? Rijiyar da ya yi alkawari, akwai ruwa a cikinta, ko allon suna kaɗai aka kafa? Wanda ya faɗa masa gaskiya mai ɗaci, ya saurare shi ko ya sa an kama shi? Su wa ke zagaye da shi, masu faɗa masa gaskiya ko 'yan amshin Shata? In ya hau mumbari, maganar taki da tsaro da makaranta yake yi, ko kuwa ba shi da abin faɗa sai yaren abokin takararsa da garin da aka haife shi? Kowane gari akwai ɗan ci-rani, ko direba, ko soja, ko ɗalibin da ya zauna inda mutumin ya yi mulki. Ku zaunar da shi ku tambaye shi.

Mu ma a wannan jam'iyya muna da namu ɗan takara, kuma ƙuri'arku muke nema, ba mu ɓoye ba. Amma ba mu ce ku yi cinikin biri a sama ba. Mudun da kuka auna nasu, da shi za ku auna namu, kada ku rage ko tafi guda. In wakilanmu sun zo garinku, ku tare su da tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. In sun kasa amsawa, ku riƙe ƙuri'arku ku ba wanda ya amsa. Wanda kuwa ya amsa muku da taliya da sabulu da turmin atamfa, ya riga ya gaya muku halinsa: sabulun ba zai kai sati biyu ba, shi kuwa shekara huɗu ya saya.

Iyayenmu mata, ƙuri'arku daidai take da ta hakimi. Samari, kada a ba ku ƙwaya da gora ku tare wa wani hanya. 'Ya'yan mai ba ku ba sa cikin layin. Kowa ya adana katinsa, ya fita da sassafe, ya dangwala wa wanda ya auna ya gamsu, ya tsaya a ƙirga a gabansa.

Allah Ya ba mu shugaba mai jin tsoronSa, mai tausayin talakawa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya. Amin.