A bar mai littafi ya koyi jitarsa

Akwai wata magana da ta zama kamar doka a bakin wasu masu kaɗa jita a Yamai da Agadas da Damagaram: wai mai koyo da littafi ba makaɗi ba ne. Da zarar an ga yaro ya buɗe littafin waƙoƙin Beatles a kan gwiwarsa, yana duba zane yana lalubar tsirkiya, sai a fashe da dariya. A ce ɗan boko ne, a ce kunnensa ya mutu, a ce ai Bombino da Mdou Moctar da kunne suka koya kuma ga shi duniya ta san su. Nakan ji maganar nan daga masu bugo waya a shirina na rediyo, nakan ji ta a gidan biki, kuma na gaji da ita. Zalunci ce ga mai koyo, sannan masu yin ta ba su san tarihin kiɗan da suke taƙama da shi ba.

Ga wanda bai taɓa ganin irin littafin ba, ga yadda yake. Ana rubuta baitocin waƙa, a saman kalmomin kuma a sa sunan akor ɗin da za a kama a daidai wurin. Akor shi ne damƙar da yatsu ke yi wa tsirkiya uku ko fiye don su yi amo tare. A kan shafin akwai ƴan zane-zane masu layi shida, kowane layi tsirkiya ɗaya, da ɗigo baƙi inda za a danne. Littattafan Ingilishi da harufa suke kiran akor, mu kuma da muka yi lakwal da Faransanci mun saba da do, re, mi. Darasin farko shi ne gane cewa C ita ce do, G ita ce sol, A ita ce la. Akwai littafi guda da ya tattara waƙoƙin Beatles kusan 200 a wannan tsari. Yaron da ya iya akor huɗu ko biyar zai iya bin da yawa daga ciki.

To, su Beatles ɗin yaya suka koya? Samarin nan huɗu na Libaful a Ingila, waɗanda suka yi zamaninsu daga 1960 zuwa 1970, ba su iya karanta rubutun kiɗa irin na makaranta ba. Masu raina littafi sukan kama wannan su ce ka gani. Su ƙarasa labarin mana. A 1957 wani makaɗi mai suna Bert Weedon ya fitar da ɗan littafin koyon jita, Play in a Day, kuma Paul McCartney da Eric Clapton duk sun ambace shi cikin abin da suka fara koyo da shi. John Lennon kuwa mahaifiyarsa ce ta fara nuna masa akor, irin na banjo. McCartney ya sha ba da labarin yadda suka san mi da la kawai, suka ji an ce akwai wani a can ƙetaren gari da ya san si 7, suka hau bas suka je ya nuna musu. Tafiya guda saboda akor guda! Abin da suka biya kuɗin mota don samu, yau ga shi a shafi na uku na littafin da ake yi wa yaronmu dariya a kansa. Matambayi ba ya ɓata, ko mutum ya tambaya ko takarda.

Mu dawo kan jarumanmu na gida. Bombino ya fara taɓa jita ne suna gudun hijira a Aljeriya bayan tawayen 1990, ya kalli bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler har ya haddace motsin yatsunsu, sannan ya zauna ƙarƙashin Haja Bebe, wanda a ƙungiyarsa ya sami laƙabin da muke kiran sa da shi. Mdou Moctar ya ga Abdallah Oumbadougou yana kaɗawa, ya koma ya haɗa jitarsa da katako da wayar birkin keke. Fatou Seidi Ghali ta Illighadad da jitar ɗan uwanta ta koya. Kowannensu ya sami abin kallo ko abin aro a kusa. Ina tambaya: yarinyar da ba ta da ɗan uwa mai jita fa? Yaron ƙauyen da babu makaɗin zamani ko ɗaya a cikinsa fa? Wanda iyayensa ba za su taɓa yarda ya zauna a fadar makaɗa har dare ba fa? Ana lissafa mana mutum uku da suka kai, ba a lissafa waɗanda suka jingine jitar a bayan ƙofa saboda babu mai nuna musu inda za su sa yatsa. Littafi malami ne ga wanda ba shi da maigida. Ba ya gajiya da maimaici, ba ya aiken ka dafa shayi wata shida kafin ya nuna maka akor ɗaya, kuma bai damu ba ko kai mace ce.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki: littafin bai cika ba. Ba ya nuna maka yadda hannun dama ke shara tsirkiya, ba ya ba ka gudun kiɗa, wani lokaci ma yana sauƙaƙa abu har ya ɓata shi. Ɗauki Yesterday ta 1965. A faifai tana kan fa, littafi da yawa kuma haka suke rubuta ta, sai mai koyo ya yi ta fama da damƙa mai gajiyar da hannu. McCartney kuwa sassauta tsirkiyoyinsa ya yi da mataki ɗaya, ya kaɗa ta da kamun sol. Here Comes the Sun ta 1969 ba ta ba da wannan zaƙin nata sai an maƙala kapo a gida na 7 na wuyan jita. Akor ɗin da ya buɗe A Hard Day's Night a 1964 an shafe shekaru ana gardama a kansa, littattafai sun saɓa wa juna, domin ba jita ɗaya ta yi shi ba: akwai mai tsirkiya 12 ta George Harrison, da ta Lennon, da bas, da fiyano.

Amma a duba abin da ke faruwa ga mai koyo a daidai wannan gaɓa. Ya kama abin da littafi ya ce, ya kunna faifan, ya ji ba su zo ɗaya ba. Sai ya mayar da waƙar baya, ya sake saurare, ya motsa yatsa, ya sake gwadawa. Wannan shi ne horon kunnen da ake cewa ya rasa. Wanda bai san sunan ko akor ɗaya ba yakan ji cewa akwai matsala amma bai san ta ina zai fara gyara ba. Mai littafi yana da wurin tsayawa. Mu da muka yi makarantar allo mun san ba allo ke koyar da ƙira'a ba, bakin malam ne, amma ban taɓa jin wanda ya ce a fasa allo saboda haka ba.

Saura masu cewa kwaikwayon Turawa ne. Jitar kanta daga ina ta zo? Kiɗan da Agadas ke alfahari da shi yau ya haɗiye Hendrix da Dire Straits, ya gauraya su da tende da takamba, ya fitar da abin da Amurka da Faransa ke sayen tikiti su gani. Su ma Beatles waƙoƙin Chuck Berry da Little Richard suka yi ta kaɗawa dare bayan dare a Hambug ta Jamus kafin su sami muryarsu. Yaron da ya bi waƙa 30 na ƙungiya ɗaya daga littafi yana ganin yadda ake gina waƙa: inda amshi ke shiga, inda akor ke juyawa, abin da ke sa baiti ya sauka lafiya. Wannan ilimi zai shiga waƙarsa ta Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek.

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne namu littafin yana ina. Abdallah Oumbadougou ya rasu a 2020. Malam Mamane Barka, wanda ya je yankin tafkin Chadi ya karɓi kiɗan biram daga hannun Boukar Tar, ya rasu a 2018. Yaro a Maraɗi zai iya samun kamun waƙar samarin Libaful a rubuce, ta waɗannan kuwa sai ya dogara da kaset da sa'a. Kiɗanmu da yawa yana zagaya akor ɗaya ne, gwanintar tana cikin tafiyar yatsu, don haka zai buƙaci zanen da ke nuna tsirkiya da gida ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne da malaman cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai da manyan makaɗanmu za su iya, da bayani cikin harsunanmu. Ku da kuke da kunne, ƴan uwa, ku zauna da masu alƙalami ku rubuta. Kafin nan, in kun ga yaro da littafi a gwiwa, ku gyara masa ɗaurin tsirkiya ku nuna masa hannun dama. Allah ya sa mu dace.