MU LEƘA DUNIYA: An hana tsohon gidan wuta hutawa

A wannan wata za mu yi tafiya mai nisa, har ƙasar Amurka, mu ji wata gardama da ta tashi a kan wutar lantarki, wadda mutanen birni ke ce ma kuran.

Da farko mu san halin wannan wuta. Gero, in an girbe shi, ana sa shi a rumbu, ya kai har baɗi. Wutar lantarki ba ta da babban rumbu irin wannan. Akwai batir, amma abin da yake ɗauka kaɗan ne bisa ga buƙatar ƙasa. Saboda haka wutar da aka kunna a asibiti yanzu, yanzu ne wani inji ke yin ta. Shi ya sa ake haɗa gidajen wuta da yawa da manyan wayoyi, su zama kamar shanun da ke jan amalanke guda. In sa ɗaya ya durƙusa, nauyin sai ya koma kan sauran. In nauyin ya fi ƙarfinsu, su ma su faɗi, gari da gari su shiga duhu.

Mutanen Yamai, Maraɗi da Damagaram sun ɗanɗana wannan. A watan Agusta 2023 aka yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya. Sai injunan da ke cikin gida suka ɗauki kayan, ana raba wuta unguwa unguwa, har zuwa watan Maris 2024. Wanda ya ga wannan lokaci ba ya raina inji don ya tsufa.

To, a Amurka akwai wata jiha da ake kira Mishigan. A bakin wani babban tafki na jihar akwai gidan wuta mai suna Kambel. Gawayin ƙasa yake ƙonawa, irin wanda Sonichar ke haƙowa a Anu Araren, wajen Agadas. Wutar gawayin ta tafasa ruwa, tururin ya juya inji, injin ya ba da lantarki. Amma Kambel ƙato ne. Ƙarfinsa ya kai wajen megawat 1,500, wato kamar Sonichar 40 a wuri guda. Injinsa na fari ya soma aiki tun 1962, lokacin ƙasarmu tana da shekara 2 da samun 'yancin kai.

Kamfanin da ke da shi, Consumers Energy, ya yi lissafi, ya ga tsohon ya fi ci bisa ga aikin da yake yi. Gyara ba ya ƙarewa, gawayi sai an ɗauko shi da jirgin ƙasa daga nesa, ga hayaƙi mai cutar da ƙirjin mutane. A 2022 hukumar jihar ta yarda a rufe shi. A 2023 kamfanin ya sayi wani gidan wuta mai aiki da gas don ya maye gurbinsa. Aka sa rana: 31 ga watan Mayu 2025. Ma'aikata sun san inda kowa zai koma. An bar tarin gawayi yana ta raguwa, don ba a sayen harawa saboda dabbar da za a kai kasuwa gobe.

Saura kwana 8, ranar 23 ga wata, sai ga takarda daga babban birnin ƙasar. Ministan makamashi na gwamnatin shugaba Donald Trump ya ce kada a rufe, a ci gaba da aiki har kwana 90. Ya dogara ga wata tsohuwar doka ta 1935, wadda ta ba minista iko ya tilasta gidan wuta aiki in ana yaƙi ko an shiga wani halin gaggawa. A da, akan ɗauko wannan doka ne in guguwa ta yi ɓarna ko sanyi ya yi tsanani, kwana kaɗan a mayar da ita.

Hujjar minista ita ce zafi yana tafe. Can, lokacin zafi, kusan kowane gida yana kunna na'urar sanyaya ɗaki, buƙatar wuta ta hau sama a rana guda. Kuma ana ta gina manyan ɗakunan kwamfuta masu shan wuta kamar gari sukutum. Ga shi ana rufe tsofaffin gidajen gawayi ɗaya bayan ɗaya. Rana da iska suna ba da wuta mai araha, amma rana tana faɗuwa, iska tana kwantawa. Mishigan kuwa tana cikin jihohi 15 da wayoyinsu ke haɗe, a ƙarƙashin wata hukuma da ake kira MISO. In wuta ta kasa a wuri ɗaya, maƙwabta ma za su ji a jika.

Hukumomin Mishigan suka ce sam, babu wata gaggawa. Sun ce an yi shekaru ana shiri, an sami magaji, ita ma MISO ta duba ta yarda da rufewar. Babbar lauyar gwamnatin jihar, Dana Nessel, ta kai ƙara kotu.

Da kwana 90 suka cika a watan Agusta, aka ƙara wasu 90. A watan Nuwamba 2025 aka sake ƙarawa. An yi ma wani gidan wuta haka a jihar Fensilbaniya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa: wa zai biya? Kamfanin ya ce daga ranar da takarda ta zo zuwa ƙarshen watan Yuni, bayan an cire kuɗin wutar da aka sayar, an yi hasarar dalar Amurka miliyan 29. Ku lura, ba dalarmu ta tamma 5 ba ce. In an juya ta, wajen miliyar 16 ke nan na kuɗin sefa, cikin sati 5 da 'yan kwanaki. Zuwa ƙarshen watan Satumba hasarar ta kai wajen miliyan 80. Gwamnatin da ta ba da umurni ba ita ke biya daga baitulmali ba. An yarda a raba kuɗin a kan masu biyan wuta na jihohi da dama. Manomin da ke wata jiha, wanda bai taɓa ganin hayaƙin Kambel ba, zai tarar da rabonsa a takardar ƙarshen wata.

A ganina tsoron minista ba na banza ba ne. Mai hankali ba ya rushe tsohon rumbu tun sabon bai bushe ba. Amma a nan an riga an gina sabon, masu duba gini sun duba sun ce ya yi. Abin da ya fi damuna shi ne wannan kwana 90, kwana 90. Ku tambayi kowane makiyayi. In ya san zai riƙe tsohon sa har shekara 3, zai tanadi harawa tun da kaka, lokacin da take da araha, ya kira malamin dabbobi ya duba shi. In kuwa kowane wata 3 ne ake zuwa a ce masa "kada ka sayar tukuna", kullum da tsada zai sayi abinci, kuma ba zai kashe kuɗi wajen babban magani ba. Haka ya faru ga Kambel. Sai da kamfanin ya tashi neman gawayi da gaggawa, ya kuma riƙe ma'aikatan da suka riga suka ɗaure kayansu.

Akwai kuma mutanen da ke zaune kusa da gidan wutar. An yi musu alkawari hayaƙi zai ɗauke a 2025. Shekarar ta ƙare yana nan yana tashi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.