Cefane na bin kalanda: wanda bai tanada da kaka ba, shi ke saye da tsada da damina

Kowace shekara farashin kayan abinci a Nijar yana bin hanya guda. Hatsi na sauka daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da manoma ke fitar da sabon gero da dawa da wake. Kayan miya kuwa na yin araha daga Janairu zuwa Maris, sa'ad da garake ke zubar da tumatir, kabeji, salati da karas a kasuwanni. Daga Yuni zuwa Satumba rumbuna sun yi ƙasa, garake sun tsaya, komai ya hau. Duk da haka, gidaje da yawa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai na cefane kullum-kullum, wato suna saye da tsada a watannin da aljihu ya fi rauni.

Albasa ce misalin da ya fi fitowa fili. A Galmi da Madawa ana haƙo ta ne da bazara, tsakanin Maris da Mayu, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Albasar da aka ajiye cikin rudu tana raguwa saboda ruɓewa da zafi, don haka farashin buhu ke ninkawa kafin ƙarshen damina, har sai albasar Agadas ta fara shigowa wajen ƙarshen shekara. Tumatir ya fi haka muni, domin kwana kaɗan yake yi ya lalace. Manomi ya sayar da asara, bayan wata huɗu magidanci ya koma sayen na gwangwani da aka shigo da shi daga waje.

Maganin wannan ba sabo ba ne. Matan karkara sun daɗe suna yanka tumatir su shanya ya zama kauɗa, su sarrafa albasa ta zama gabu, su busar da kuɓewa, yakuwa da ganyen zogale, su yi daudawar batso da ƴaƴan yakuwa. Tattasan Difa ma a bushe yake yawo cikin ƙasa har zuwa Najeriya. Abin da ya sauya shi ne zaman birni: ɗakin haya ba shi da filin shanya, mata da yawa na fita aiki ko kasuwa, albashi kuma ba ya barin rarar da za a sayi buhu lokaci guda. Firji ba abin dogaro ba ne, musamman da bazara da wuta ke yawan ɗaukewa. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, masu ajiya cikin sanyi sun ga iyakar dabararsu, masu busasshen kaya kuwa ba su rasa miya ba.

Takunkumin CEDEAO da rufe iyakoki sun nuna yadda tukunyar birni ta jingina da shinkafa, mai da tumatirin waje. A Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi zuwa ƙetare, ban da Mali da Burkina Faso, domin a riƙe farashi. Hukumar OPVN kuma na sayar da hatsi cikin rahusa a lokacin ƙunci. Waɗannan matakai sun shafi tuwo ne, ba su taɓa miya ba, alhali rashin ganye, wake da kayan lambu na cikin abubuwan da ke haddasa tamowa ga yara ko a gidan da ake cin tuwo kullum.

A nan ne ƴan cirani ke da rawar takawa. Sau da yawa kuɗin da ake aikowa daga Aljeriya, Libiya, Najeriya, Gana ko Kodebuwa na zuwa ne bayan an kira waya an ce abinci ya ƙare, wato cikin Yuli ko Agusta. Jika goma da aka aiko a Nuwamba ta fi sayen tiyoyin gero fiye da wadda aka aiko a Agusta. Wanda ya raba aikensa gida biyu, ɗaya da kaka don gero da wake, ɗaya a Fabrairu ko Maris don kayan miyar shanya, ya rage wa iyalinsa bashi ba tare da ya ƙara ko dala ba. Matasan da ke zama ɗaki ɗaya ma na iya haɗa kuɗi su sayi kwando ko buhu su raba.

Sai dai ajiya na da ƙa'ida. Wake na buƙatar buhun PICS mai ruɓi uku, wanda cibiyar INRAN ta Maraɗi ta taimaka wajen gwadawa, domin yana kashe ƙwaro ba tare da magani ba. Ganye a inuwa ake shanya shi, saboda rana na rage amfaninsa. Tumatir da kuɓewa kan tabarma ko gadon kara ake baza su, nesa da ƙasa da dabbobi. Gyaɗa ko masarar da aka ɗaure da danshi na yin fumfuna mai guba da ke cutar da hanta.

Akwai kuma damar da kalanda ta kawo. Azumi na matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, yanzu yana faɗowa cikin lokacin garake. Buƙatar buɗa-baki na iya ɗaga farashi a makonnin da ya kamata a yi sayen tanadi, don haka mai niyyar shanya gara ya saya kafin a ga wata. Ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin mata kuma na da abin yi: wuraren shanya masu tsafta kusa da kasuwanni, da bashin kaka da zai bai wa gidaje damar saye tun kaya na ƙasa.