Kyakkyawar Niyya Ba Ta Biyan Kuɗin Madara

A shekarar 2006 ne Farfesa Muhammad Yunus na Bangaladash da kamfanin Danone na Faransa suka haɗa hannu don yin kindirmo mai gina jiki saboda 'ya'yan talakawa, bisa sharaɗin a riƙa mayar da riba cikin aikin. Niyya kam ba ta da laifi.

Amma a 2008 sai madara ta yi tsada. Dole aka ɗaga farashin kofi ɗaya daga taka 5, wato kuɗin ƙasar, zuwa taka 8. Nan take mutanen ƙauye, waɗanda dominsu aka fara abin, suka janye. Sai da aka rage girman kofin aka mayar da shi taka 6, aka kuma kai kaya babban birni Daka inda masu hali suke, sannan ciniki ya fara farfaɗowa.

To, lallai 'yan'uwa matasa masu shirin kafa injin niƙa ko kantin magani don sauƙaƙa wa unguwa su zauna da biro da takarda tun kafin a tara kuɗi. In man gas ya ninka gobe, wa zai cike giɓin? Wa zai riƙe littafin shiga da fita, wa kuma zai riƙa duba shi? Galibi wannan ta ƙarshen ake jin nauyin yi, wai don ɗan'uwa ne.