Cinikin Gida Ya Rushe, Lauya Na Jiran Kuɗinsa

A Ingila da Wales, cinikin gida ba ya ɗaure kowa sai an yi musayar takardun yarjejeniya. Kafin nan kowa na iya janyewa, amma lauya zai turo lissafinsa. A ganinmu gumin aikinsa halak ne, muddin bai wuce aikin da ya yi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne alƙawarin "ba ciniki, ba biya", wanda galibi bai haɗa da kuɗin binciken gidan ba.

Wanda bai gamsu da lissafin ba ya fara kai kuka ofishin lauyan, wanda ke da mako 8 ya amsa, sannan hukumar sauraron ƙorafi kan lauyoyi, wato Legal Ombudsman. Dokar lauyoyi ta 1974 ta ba mai ƙorafin wata ɗaya ya nemi kotu ta tantance lissafin.