Mushe, babana mugu ne?

Shekara goma sha bakwai ke nan ina riƙe da alli, ranakun aiki a lakwal, ranar Lahadi kuma a ajin yara na majami'armu a nan Maraɗi. Ban taɓa samun tambayar da ta ɗaure mini harshe ba kamar wadda wata ƴar shekara goma sha ɗaya ta yi mini bayan sujada, makonni uku da rasuwar mahaifinta. Ta jira sai da sauran yara suka watse, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen kallabinta, ta ce: "Mushe, babana mugu ne?"

Babanta ɗan kabu-kabu ne, babbar mota ta buge shi a hanyar Tsibiri. Na san shi. Mutum ne mai saurin fushi, mai saurin sauka, wanda sau da yawa ya kai tsofaffin unguwa likita bai karɓi ko dala ba. Ranar jana'iza aka ba wani baƙon mai wa'azi magana. Ya ce wanda ke ƙarƙashin inuwar Ubangiji ba a tsintar gawarsa a kan titi, mutuwar farat ɗaya tana da ƙofar da ta shigo, mai riƙe zakka kuwa da hannunsa yake buɗe ta. Manya suka sunkuyar da kai, wasu har da amin. Yarinyar tana zaune kusa da uwarta, ta haddace kowace kalma, kamar yadda yara ke haddace duk abin da muke zaton bai shiga kunnensu ba.

Ina cikin waɗanda suka yi shiru ranar. Shi ya sa nake rubutu yau.

Wannan wa'azi ƙarya ne, kuma Littafi Mai Tsarkin da mutumin ke kaɗawa a sama shi ne ya ƙaryata shi. Mutum na farko da ya mutu a cikin littafin Habila ne, wanda Allah ya karɓi baikonsa. Kayinu da ya kashe shi kuwa ya rayu har ya gina gari. Yahaya Mai Baftisma an sare masa kai a kurkuku don a cika alkawarin da sarki ya yi wa yarinya mai rawa. Istifanas jifa aka yi masa har ya mutu. Ayuba ya rasa ƴaƴa goma a yini guda, abokansa uku suka zo zaman makoki, suka yi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma wannan ne kaɗai abin kirkin da suka yi. Da suka buɗe baki sai suka shiga nemo masa laifin da ya jawo masifar. A ƙarshen littafin su Allah ya tsawata wa, Ayuba ne ma ya yi musu addu'a. Baƙon namu aikin abokan Ayuba ya yi, sai dai shi ko yini ɗaya bai iya yin shiru ba.

Yesu kansa an kawo masa irin wannan magana. A Luka sura 13 ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu, ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, ya mayar da gargaɗin tuba kan masu rai da ke tsaye gabansa. Mu mutanen Maraɗi ba mu bukatar a fassara mana wannan sura. A watan Nuwamba na 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a garin nan, yara ƙanana sama da 20 suka rasu. A watan Afrilu na wannan shekarar ma haka ta faru a Yamai. Wane mai wa'azi ne zai iya tsayawa gaban iyayen nan ya ce akwai ƙofar da ƴan shekara biyar da shida suka buɗe? In ba zai iya faɗa musu ba, me ya ba shi bakin faɗa wa ɗiyar ɗan kabu-kabu?

Ga wata ɓarna da ba a cika lura da ita ba. Duk lokacin da aka ɗora laifin mutuwa a kan mamaci, masu rai sun sha. Ba wanda zai ƙara tambayar dalilin da ya sa ake karatu cikin zana, ko me ya sa direba ke kwana biyu a kan sitiyari ba barci, ko don me uwa ta rasa kuɗin maganin masassara a tsakiyar damina. In ana neman mugunta a cikin irin wannan mutuwa, sau da yawa tana nan da ranta, tana yawo da babbar riga.

Na san amsar da za a ba ni, don wani dattijo ya riga ya ba ni ita. Ya ce bakin kabari wurin gargaɗi ne, Littafi kuma ya raba hanyar adali da ta mugu, ga Hananiya da Safiratu da suka faɗi matattu saboda ƙarya. Ban musa ba. Zabura ta farko da wannan rabuwa ta buɗe, kuma ina koyar da ita ga yara kowace shekara. Amma labarin Hananiya an rubuta shi ne da bayanin laifin da kuma wanda ya tona shi. Ba kowane mai riƙe da makirfo ne aka mayar Bitrus ba. Kuma littafin da ya ba mu Zabura ta farko shi ya ba mu ta 73, inda Asaf ya kusa zamewa don ya ga mugaye suna ƙiba, ba ciwo, ba wahala. Bai sami natsuwa ba sai da ya daina auna mutane da lafiyar jiki da tsawon kwana. Rabuwar adali da mugu gaskiya ce, sai dai ranar karanta sakamakon ba ta zo ba, mai karantawar kuma ba mu ba ne. A Luka 16 mai arzikin ne ya sami jana'iza ta mutunci, Li'azaru mai miki ko maganar binne shi ba a yi ba, amma kowa ya san inda kowannensu ya sauka. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu mutuwar wulaƙanci ya yi a idon jama'a, shi ne kuma aka yi wa alkawarin Firdausi a ranar.

Ku lura ma, harshen da ke sara gawar talaka shi ne ke lasar ta mai kuɗi. Mun sha zuwa jana'izar mutumin da kowa ya san ya cinye gonar marayu, aka yi ta yabonsa har da kiran kujerun da ya saya wa majami'a. Yaranmu suna wurin. Darasin da suka tafi da shi gida shi ne adalci na nufin mota da tsufa, mugunta kuma na nufin babur da mutuwar ƙuruciya. Bayan haka sai mu zo aji muna mamakin yaron da ke satar amsa.

Abin kunya a gare mu, maganar da ta fi kusa da gaskiya a gidan makokin nan daga bakin maƙwabta Musulmi ta fito. Suka shigo, suka zauna a tabarma, suka ce kwana ne ya ƙare, Allah ya ba da haƙuri, suka ajiye ɗan abin da suka kawo, suka tashi. Ba su binciki kowa ba.

To me Kirista zai faɗa wa yaro? Abin da aka ba mu, ba ƙari. Mutuwa maƙiyi ce, shi ya sa kuka ba rashin bangaskiya ba ne. Yesu ya zubar da hawaye a kabarin abokinsa a Betanya, alhali ya san zai tashe shi. Masu hana gwauruwa kuka da sunan ƙarfin bangaskiya su sake duba 1 Tasalonikawa 4: Bulus bai haramta baƙin ciki ba, ya bambanta shi ne da na wanda ba shi da bege. Begen kuwa bai rataya a kan yadda mutum ya mutu ba, a titi ko a kan gado; ya rataya ne a kan tashin Almasihu daga matattu. Bulus ya kwatanta jikin da ake binnewa da iri da ake shukawa, kuma ɗan manomi da ya taɓa rufe gero da ƙafa bayan ruwan farko ya fi malamin tauhidi saurin gane wannan.

Haka na yi da yarinyar, bayan na gama in'ina. Na ce mata mota ce ta kashe babanta, ba hukunci ba. Na ba ta labarin mutum 18 ɗin nan. Na ce ni ban ga zuciyarsa ba, baƙon ma bai gani ba, amma na ga tsofaffin da ya ɗauka kyauta, na kuma ji shi yana addu'a, wanda ya san sauran kuwa ya fi mu duka jinƙai. Ta tambaye ni ko an yarda ta yi kuka a majami'a. Na ce an yarda.

Na kai ƙara gaban dattawan ikilisiya, na roƙi kada a sake miƙa wa baƙo magana a jana'iza sai an san abin da zai faɗa, kuma a je gidan a janye kalmomin nan a gaban uwar da ƴaƴanta, tunda a gabansu aka furta su. Na farkon sun ce za su duba. Na biyun har yau ba wanda ya je. Zumuntar mata ce ta kai tiya shida ta gero makon jiya, ni kuma ranar Asabar zan je, ko da dattijo ko babu.