A bar Marechera da halinsa

Marubuci Dambudzo Marechera ya rasu a Harare a 1987 yana ɗan shekara 35, yanzu kuma masu tunawa da shi suna so su wanke shi tas, su sa masa babbar riga. Ni ban yarda ba. An kore shi daga Jami'ar Rodeshiya (Zimbabwe ta yanzu) a 1973, an sake korarsa daga Oxford. Da aka ba littafinsa The House of Hunger kyautar Guardian a 1979, jifa da faranti ya yi a wurin bikin. Ya koma Zimbabuwe yana kwana a kan benci, tafireta a cinya, yana caccakar sababbin masu mulki kamar yadda ya caccaki Turawa. Giya da rigima duk nasa ne, kuma kada a ɓoye wa ɗalibai wannan ranar da za a ba su littattafansa.